Fulawar Baban Rahma

Litinin, 5 ga Agusta
Fulawar Baban Rahma ta soma tabo. Ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa, kowanne da zoben rawaya. Filodendiron yake ce mata, sunan da har yau yake karya mini harshe. Tun da 'yan bindiga suka tare shi a hanyar Kakangi, ita da Rahma ya bar mini. Gawa ma ba mu gani ba, sai labari.

Alhamis, 8 ga Agusta
Ganye biyu sun ƙara kamuwa. Alhali ban hana ta ruwa ba. A kanta nake alwala yadda yake yi, wai kada ruwa ya tafi a banza.

Asabar, 10 ga Agusta
Maƙwabciyata Susan, ta ma'aikatar gona, ta leƙo, ta toshe hanci. "Maman Rahma, ɗakin nan ai ko mutum sai ya yi fumfuna!" Wai fumfuna ce ta kama ta: ganye kullum a jiƙe, taga a rufe, ga damina. Ashe shi Baban Rahma a tsakar gida yake ajiye ta, a gindi ruwan yake sauka. Ni na shigo da ita ɗaki ina yi mata wanka sau biyar. Ta ce in yanke masu tabon in ƙona, in buɗe taga.

Ban gaya mata abin da ya sa na rufe ba. Duk babur ɗin da ya wuce sai in miƙe zumbur, in ce shi ne.

Lahadi, 11 ga Agusta
Na yanke duka, ban da babban ganyen. Shi ne Baban Rahma yake gogewa da gefen rigarsa. Ba zan iya ba.

Juma'a, 16 ga Agusta
Cutar ta haura ƙanana. Kawu Modibbo ya sake zuwa kan maganar takaba. Na ce, "Kawu, wa ya ga gawa?" Ya sunkuyar da kai. Da ya tafi Rahma ta ce, "Umma, ki yanke babban mana, kada duk su mutu." Na daka mata tsawa. Yarinya ba laifinta.

Asabar, 17 ga Agusta
Na yanke. Na sa a murhu. Na yi kukan da na ƙi yi ranar da aka zo da labari.

Laraba, 28 ga Agusta
Sabon ganye ya fito a nannaɗe, ba tabo. Taga a buɗe take, don fulawa ne kawai. Ɗazu babur ya wuce ina zuba mata ruwa a gindi. Sai da na ajiye buta na tuna ban miƙe ba.