Awakin Yaya Tahira Sun Ƙi Girma

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, ko da yake yanzu na fara samun barci.

Yayar mijina, Tahira, tana aure a birni. Ta ba ni akuya kiwo, ni ma ina da tawa. Duk suka haihu, tawa ta riga da wata guda. Dusa ɗaya, harawa ɗaya, amma 'ya'yan tawa suka miƙe, nata suka tsaya kamar kuliyoyi. Da Tahira ta zo ta leƙa turke ta koma, sai a bakin dangi na ji wai na ci amana, nawa kaɗai nake ciyarwa. Wallahi na sha kuka. Har dusar nawa na riƙa ragewa ina ƙara musu, a banza.

Ƙarshe mijina ya kawo malamin dabbobi. Ya duba, babu tsutsa, babu cuta, sai ya tambayi ubansu. Ashe nan gizo ke saƙar! Tawa ta ɗauki ciki ƙarshen rani, ana sakin dabbobi, da ƙaton bunsurun maƙwabta. Tata kuwa sai bayan shuka, duk an ɗaure su, babu kowa sai ɗan tsurut ɗin bunsurunmu da muka bari don ba wanda ya taya shi. Manyan duk mun sayar.

Hankalina ya kwanta, alhamdulillahi. Amma zuciya tana ce mini in mayar mata da kayanta in huta. Mijina ya ce zumunci zai lalace.

Mai kiwo, daga wajen Tsanyawa

Amsa:

'Yar'uwa, barka, Allah ya wanke ki. Malamin ya yi gaskiya: girma gado ne, abinci taimaka masa yake yi. Ɗan da ya gaji ƙaramin jiki, dusa ba za ta sake masa uba ba.

Tahira ta yi kuskure da ta kai magana waje ba ta tambaye ki ba. Amma ki yi mata uzuri, abin da ido ya gani ta gani, kuma ke kanki ba ki san dalili ba.

Kada ki mayar da akuyar yanzu, dangi za su ce kunya ce ta kama ki. Mijinki ya yi wa yayarsa bayani da kansa. Ku sayar da ɗan bunsurun, ku aro babba, kuma daga yau wanda ya fi girma shi za ku bari a gida. In haihuwa ta gaba ta miƙe, ki kira Tahira ta gani. Ranar, ki riƙe ko ki mayar, ba mai sake kiran ki maciyiyar amana.

Allah ya sa albarka a turkenki, ya bar zumunci.