Yarinyar da Aka Zura Cikin Rumbu

Gozaki

Yaya Zaituna,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Malam Awaisu. Mansura ta iso lafiya, mun ga tsaraba, Allah ya saka da alheri.

Amma Yaya, me kika yi wa 'yata a hutun nan? Na aiko miki da rediyo mai ƙafa biyu, kin maido mini da yarinyar da ko tuntuɓe ta yi ba ta cewa wash. Babanta har cewa yake a ba ki tukwici. Mun fara gyaran rumbu kafin sabuwar dawa ta shigo. A gaida maigida.

Ƙanwarki, Naja'atu

Funtua

Naja'atu,

Wa'alaikumus salam. Tukwicina kaza biyu ne, ki gaya wa mijinki Sanda kada ya kawo mini guda.

Maganin ba wuya. Kin tuna tatsuniyar da Tsohuwa take mana, ta yarinyar da aka zura cikin rumbu ta tarar da dodo kwance ƙarƙashin dawa? A bakin Tsohuwa, yarinyar ta ƙwala kira, uwarta ta fizgo ta da zane. Dangin Malam na Tsiga kuwa cewa suke ta yi ta ɗura masa zangarniya a baki har ya shaƙe. To ni na yi tawa. Wata rana kaina kamar zai tsage, 'yarki tana ta zuba, sai na ce mata ihun yarinyar ne ya tashi dodon ya haɗiye ta, da ta yi shiru da ta tsira. Ta zaro ido ta ce, "Inna, ko ya taɓa ta?" Na ce ko ya taɓa ta. Tun daga nan na samu barcin rana. Ki gaida mutan gida.

Yayarki, Zaituna

Malumfashi

Yaya,

Salamu alaikum. Daga asibiti nake rubuto miki. Wasiƙarki a nan ta same ni, direba ya biyo ni da ita.

Ran Talata muka zura Mansura cikin rumbu ta miƙo ragowar tsohuwar dawa, tunda ita kaɗai bakinsa ke ɗauka, kamar yadda aka yi mana muna yara. Tana miƙowa ina karɓa, har na lura da hannu ɗaya take miƙowa. Na ce, "Ke lafiya?" Shiru. Na ɗauka sabon halin ne, har na yi dariya. Sai da zangarniya ta daina fitowa babanta ya leƙa. Maciji ne ya biyo ɓeraye ya sare ta a yatsa, ta cusa gefen zanenta a baki ta ci gaba da aiki.

Likita ya ce da an kawo ta da wuri da abin bai kai haka ba. Hannun ya kumbura har kafaɗa, ba ta farfaɗo sosai ba. Na karanta wasiƙarki sau biyu. A sa mu a addu'a.

Naja'atu

Funtua

Naja'atu,

Salamu alaikum. Na je tasha har sau biyu na dawo, don ban san da wane ido zan dube ki ba. Ni na toshe bakin yarinyar nan, saboda barcin rana. Ko ruwa na kai baki sai in ga zanen nan a bakinta.

Ban roƙe ki yafiya ba tukuna. Abu ɗaya nake roƙo: ki sa baki a kunnenta, ko tana ji ko ba ta ji, ki ba ta tatsuniyar yadda Tsohuwa take ba mu. Ki ce mata Inna ƙarya ta yi. Allah ya tashi kafaɗunta.

Zaituna

Malumfashi

Yaya,

Salamu alaikum. Ta farfaɗo. Hannun zai tsira, yatsan ne dai sai haƙuri.

Na ba ta tatsuniyar Tsohuwa, ta saurara. Ɗazu da aka zo wanke ciwon sai ta kurma ihun da ya tashi ɗakin gaba ɗaya, ni kuma na zauna ina kuka ina hamdala. Da ta lafa ta jawo mayafina ta ce, "Umma, kar ki gaya wa Inna na yi ihu."

Ki shigo motar safe. Daga bakinki take son ji. Sai kin zo.

Naja'atu