Inabina Ya Yi Toho

Gafasa, daren Laraba, daminar 1968

Ya yi toho! Reshen inabin da Yaya Sani ya kawo mini daga aikin jirgin ruwa ya fitar da ganye kore shar.

Yaya ya ce a wani tsibiri ya samo shi, inda dutse ya taɓa aman wuta, ƙasar ta koma baƙa ƙirin. A nan Turawa ke dasa shi cikin rami, su matse 'ya'yan su yi farar giya marar zaƙi. Ni kuwa gawayin maƙera na daka na zuba a ramina.

Zancen giyar nan ya kai kunnen Baba. Da la'asar ya fito da fartanya. "Ba za a shuka mini barasa a gida ba!"

Na ruga na kira Liman. Ya tsuguna ya dubi ganyen, ya ce, "Malam Audu, inabi ai yana cikin Alƙur'ani. Dawar rumbunka ma ana burkutu da irinta. Za ka ƙone ta?"

Bayan isha'i na tarar da Baba yana kewaye ramin da ƙaya.

"Awaki," ya ce, ko kallona bai yi ba.