Injin Motar Malam

Gidan Dahala, Sakkwato.

Zuwa ga Yayana Tambari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hafsat da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan muna ta haƙuri.

Yaya, ranar da kuka zo gaisuwar rasuwar maigidana ban yi maka bayani ba, don ni ma ban gane ba. An ce wuta ta ja Malam a gareji, na kasa yarda, mutumin da ya tsufa yana gyaran wayar mota. Sai da ɗanmu Saifullah ya kawo mini kayan babansa, na ga zoben azurfarsa ya narke ta gefe guda, sannan na gane. Ka san masu sana'arsu. Ba su neman abin awo, sai su taɓa waya da yatsa, ko su goga ta jikin ƙarfe su ga tartsatsi. Batirin mota guda ba ya yi musu komai.

Tun da fetur ya yi tsada Malam ya cire injin tsohuwar motarmu, ya ce zai mai da ita mai lantarki. Injuna biyu ya samo. Ƙaramin na keke mai caji ne, batir kaɗan ya ishe shi, sai dai motar ba za ta yi gudu ba. Babban kuwa kwancen motar ɗaga kaya ne, ya same shi da araha wajen 'yan gwangwan a hanyar Kalambaina, amma sai an jera masa batura da yawa, ƙarfin wannan bisa na wancan. Babban ya zaɓa. Ga zafin garinmu, hannu duk gumi. Hannunsa ya yi abin da ya saba.

Abin da ke hana ni cin abinci shi ne Saifullah ya koma garejin Ƙofar Rini, ya ce sai ya ƙarasa aikin babansa. Ni kuwa ina takaba, ba halin in bi shi.

Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Sadiyatu.

Gidan Dahala, Sakkwato.

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali duka. Saƙonka ya iso, Allah Ya saka da alheri.

Ka ce in hana shi kawai. Yaya, ba ƙaramin yaro ba ne, ga mata ga ɗiya. In na hana zai ce to, amma na san jininsu, tsorona ya koma yana yi a ɓoye, shi kaɗai, ba mai ture shi da sanda in abin ya kama shi. Jiya fankata ta tsaya, ya zo gyara. Ina kallo ya kai yatsa kan waya, bai ma san ya yi ba.

Bayan ya gama ya durƙusa gabana, ya ce ba zai ɗora kowane inji ba sai wanda na sa wa albarka. Ni da na tsaya a firamare, ni ce zan zaɓi inji. Ya ce babban shi ne burin Malam, in aka sa ƙaramin 'yan gareji za su yi dariya, su ce mota ta zama keke. Na tambaye shi ko ƙaramin ba ya kisa. Ya sunkuyar da kai, ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, haɗarinsa dai bai kai na babban ba.

Ka taimaka ka zo, ko ka turo wanda ya karanci wutar nan da gaske ya tsaya kansa. Kullum in ya fita ba na iya komai sai sauraren ƙofa.

Har yanzu ban ba shi amsa ba. Baturan kuma suna nan a haɗe, ba wanda ya raba su.

Wassalam.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Sadiyatu.