Rigar Mama Mai Ruwan Ɗorawa

Cáceres, 3 ga Maris

Yaya Remedios,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Eusebio. Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan taki. Mu nan lafiya lau, Inna Jacinta ma ta miƙe, har ta koma faɗa da maƙwabta.

Wata alfarma nake nema, kuma kada ki ce mini a'a. Wasan kwaikwayon da nake rubutawa ya kammala, za mu hau dandamali a watan Mayu. Labarin matar nan ce ta tatsuniyar Girkawa, wadda ta shekara ashirin tana jiran miji, tana saƙa tana warwarewa. Ni kam na gaji da yabon haƙurinta. A nawa wasan, ƙarasa saƙarta take yi, ta saka abinta, ta buɗe ƙofa ta yi tafiyarta. Kin san wa nake nufi. Kin tuna rigar da Mama ta ɗinka don ranar da Baba zai dawo daga aiki a Jamus, kowace shekara ta farke ta ta sake gyarawa, har ta rasu bai dawo ba, ba ta taɓa saka ta ba? Ita nake son sakawa.

To, mai gidan wasan, Don Anselmo, da ya ji launinta sai ya zabura kamar na taka masa ƙafa. Wai ruwan ɗorawa a dandamali mugun abu yake jawowa, kakansa ma bai yarda ba, balle shi. Ya ce in rina ta shuɗi, ko in nemi wani wuri. Na ce masa, ranka ya daɗe, mugun abin ai ya riga ya faɗa wa mai rigar tun ban yi wayo ba. Ya ba ni mako biyu in yi tunani. Wallahi ina tsoro, Yaya, don babu wani zauren da ya karɓe ni sai nasa. Amma ko a bakin kasuwa ne zan yi wasan, ba zan rina ta ba.

Ki ba ɗanki Íñigo rigar ya taho mini da ita daga garinku Rosario. Kada ki wanke, kada ki cire allurar da Mama ta bari a gefenta. A gaban jama'a zan ƙarasa mata ɗinkin.

Ki gaida Eusebio da Amparo da jikoki.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Nieves