Mijina da Bindigarsa a Ƙofar Biron Zaɓe

Tanti Atika, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Lahadi mai zuwa, kaina ya ɗaure.

Ni 'yar Tsibiri ce. Maigidana Kalibu yana da bindigar toka, amma kar ki tsorata, da ita yake korar tsuntsaye a gonakin rani na Jiratawa, in ana biki kuma a kira shi ya buga a yi guɗa. Tun da na aure shi abu ɗaya na san ta kashe, zabuwar maƙwabta, ita ma ba ita ya nufa ba.

Ana gobe zaɓen kansiloli wani Nabil, ɗan jam'iyya daga Sabon Gari, ya zo a moto, wato babur, ya ce in nasu ya ci yana son a buga. Kalibu mutum ne da ba ya makara. Sakamako sai dare, shi tun hantsin ranar yana ƙofar lakol ɗin, wato makarantar da aka yi biron zaɓe, inda ake jefa ƙuri'a. Nabil ya kawo mishi kujera da shayi, ya sa mishi hular jam'iyya wai saboda rana. Ya zauna, bindiga bisa cinya, duk wanda ya shiga layi sai ya kira sunansa, ya tambayi lafiyar 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Halinsa ne, ko a majami'a haka yake yi har a rufe ƙofa.

Matan unguwarmu suka taso daga sujada, suka hango shi, suka juya. Innata Rifkatu ce kawai ta matso, ita da duk gari an san ba jam'iyyar Nabil take so ba, don bakinta ba ya ajiya. Kalibu ya tashi ya durƙusa ya gaishe ta yadda suruki ya kamata, sai dai da bindigar a hannu. Ta koma gida da katin zaɓenta ɗaure a haɓar zane.

Tun ranar ba ta taka gidanmu ba. Tuwon da na aika ma ko murfin ba a ɗaga ba aka dawo da shi. Ta ce ba ta taɓa fashin zaɓe ba sai da surukinta ya tsare mata ƙofa. Na yi kuka har na gaji. Shi kuwa mamakin mutane yake, wai ko albarushi bai ɗura ba. Na su Nabil ma bai ci ba, haka ya dawo bai buga ba.

Jiya Nabil ya sake zuwa, wai Lahadin nan, ranar zaɓen shugaban ƙasa, ma akwai kujera. Kalibu har ya soma goge bindiga. In na hana shi ya ce na raina sana'arsa, in na ƙyale shi na rasa uwa. Ya zan yi?

Matar Mai Bindiga, Tsibiri

Ƙanwata, sannu. Na yarda mijinki ba mugu ba ne. Amma mai tsaye a layi ba ya leƙa cikin bindiga ya ga ko da albarushi. Abin da ya gani shi ne mai makami da hular jam'iyya, wanda ya san sunansa da na 'ya'yansa. Gaisuwar da ke da daɗi a majami'a, a nan gargaɗi ta zama. Inna ba rigima take ba, haƙƙinta aka tauye.

Shi Kalibu bai san abin da ya yi ba, amma wanda ya kawo kujerar ya sani. Ki tambaye shi cikin ruwan sanyi: in bugun murna ake so da dare, me ya sa aka shayar da shi shayi a bakin ƙofa tun hantsi? Kar ki taɓa sana'arsa, ki nuna mishi an mai da shi dodon gona ne. Ki tuna mishi kuma wurin zaɓe ba wurin makami ba ne, wani karon jandarma na iya raba shi da ita, tsuntsayen Jiratawa su huta.

In ya turje, ku je wurin fasto. In Nabil ya dawo, a sanar da shugaban biron tun kafin ranar.

Ranar Lahadi a kulle bindiga a ɗaki, makulli a haɓar zanenki. Ya je gidan Inna hannu biyu, ya ba ta haƙuri, ya rako ta da sauran matan. Ya tsaya a bayanta a layi, a rana, ba kujera ba hula. Kuma kar ya tambaye ta wa ta zaɓa, da kanta za ta faɗa mishi kafin su kai gida.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa a ci tuwonki na gaba.