Malberin Inna ya kama a Fatakwal

Zuwa ga Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, da Malam da yara. Ya jikin Baba? Ya ciwon ƙafar taki? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya.

Yaya, albishirinki, malberin Inna ya yi 'ya'ya! Cikin rassa ukun da kika yanko mini bara daga bishiyar marigayiya, biyu ruɓewa suka yi. Rami na yi musu a gindi don ya riƙe ruwa, yadda muke yi a Zariya, ashe a nan ruwan ne ke kisa. Na ukun ma ganyensa ya fara zuba. Ina tsugune a kansa ina hawaye, sai Maman Ngozi maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga, matar da tun dawowarmu bayan yaƙin basasa ko gaisuwa da ƙyar muke yi. Da Hausarta ta zaman Kano ta ce, "Maman Sani, so kike ki nutsar da shi?" Ta shigo da fartanyarta ta tone shi, ta tara ƙasa tsibi kamar na doya, ta dasa shi a sama.

Jiya na tsinki cikin kwano, baƙaƙe wuluk, zaƙinsu sak na gida. Ita na fara kai wa. Ta ci, na gaya mata daga bishiyar mahaifiyarmu marigayiya reshen ya fito, sannan ta tambaye ni sunan Inna.

Ki gaida kowa da kowa. Ku sa mu a addu'a, kada ku manta da Maman Ngozi.

Ƙanwarki,
Rabi